Kafin Sholisho Ya Sha Iska

Tun da mai faci ya bar taba, hannunsa ya rasa wurin zama. Sai ya cusa shi a aljihu ya zaro, ya sosa ƙeya, ya ɗauki guduma ya ajiye, ya koma ya ɗauka kamar wani ya ce masa za ta gudu. Ƙafa ma haka. Idan ya zauna a benci sai ya ji bencin yana cizonsa, idan ya miƙe kuma bai san inda za shi ba.

Rumfarsa tana bakin titi, tsakanin shagon walda da wani dogon bango da fentinsa ya gama zuba. Ba ta da yawan kaya: injin iska mai tari kafin ya tashi, ƙarafan ɓamɓare taya, bahon baƙin ruwa da ake tsoma tib, robar cikin taya, a nemi inda ya huje, da gwangwanin sholisho, wato gam ɗin da ake liƙa faci da shi. A nan ya yi furfura. A nan kuma wata safiya, yana sunkuye a kan tayar wata mota, wani abu ya kama ƙirjinsa ya matse kamar ana ɗaure noti. Bai farka ba sai a gadon asibiti.

Likitan bai ja magana ba. Ya ce, "Baba, zuciyarka ta yi maka sallama. Idan ta dawo karo na biyu, ba lallai ta yi sallama ba."

Daga nan aka tura shi wani ɗaki a ƙarshen baranda, inda wata nas mai tabarau take zama da masu son barin hayaƙi. Ta ba shi filasta mai magani da zai riƙa mannawa a damtse kowace safiya, da cingam mai ɗaci da zai tauna kaɗan ya ajiye a kunci idan ƙishirwar tabar ta taso. Ta ce maganin zai rage wa jiki kuka, amma ba zai hana hannu neman abin da ya saba ba. Tana da wata 'yar na'ura da ake busawa, ta nuna ko hayaƙi ya ratsa mutum.

Ba shi kaɗai matarsa ta kai ɗakin ba. Ta haɗa da ƙaninta, mai shagon waldar da ke maƙwabtaka da rumfar, wanda kowa ke kira Tartsatsi. Ta ce idan za a yi wanki, gara a haɗa da na ƙasan kwando. Shi Tartsatsi wiwi ce matsalarsa. Da hantsi sai ya zagaya bayan bango, ya dawo ido jajur yana dariyar abin da babu. Nas ta gaya masa gaskiya, ta ce nasa ba shi da filasta. Abin da suke da shi shi ne zama a yi magana, a riƙa ragewa, a ɗaga lokacin sha zuwa can gaba, a kuma daina murza taba a ciki.

"Wannan mai sauƙi ne," in ji Tartsatsi. "Dama tabar Yaya nake sata, ga shi kin rufe mini kanti."

To, sai ga mutum biyu a gefen titi ɗaya, kowa yana kai da komo kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Da hantsi ya yi, Tartsatsi yakan fito daga shago da gilashin walda a goshi, ya nufi bango, ya tuna, ya yi kwana ya zo ya tsaya a kan mai faci.

"Yaya, wai kai ma an yi maka faci? Mu ga damtsen. Iska ta daina fita?"

"Koma bakin aikinka."

"Aikin ne ba ya zaunuwa. Na ɗinke ƙofar mutane a karkace."

Mai faci bai yi dariya ba, don nasa aikin ma ya fara ba shi tsoro.

Mai keke ne ya fara dawowa, yana tura kekensa, facin da aka yi masa da safe ya ɗaga baki. Mai faci ya ba shi haƙuri ya sake. Sai mai baro. Sai wata malamar makaranta mai ƙaramin babur, wadda ta tsaya tana duba agogo har ya gama. A duk shekarunsa a rumfar nan, facinsa bai taɓa tashi ba. Taya takan mutu ta bar facinsa da rai. Ya ɗora laifin a kan sholisho, ya ce na zamani ruwa ne, ya sayo sabon gwangwani. Bai canja zane ba.

Wanda ya fi yi masa ciwo shi ne direban motar burodi. Tsohuwar mota ce mai tib a ciki, tana bin unguwanni masu ƙusa da fasassun kwalabe, kuma tayoyinta su ne rabin cefanen gidan mai faci. Direban ya zo a ƙafa, yana gangaro da taya, gumi har cikin kunne.

"Maigida," ya ce, "ni ban taɓa kai taya wani wuri ba, ka sani. Amma karo na biyu ke nan. Jiya a tsakiyar gada ta sace, burodi yana huce mini a baya, masu shaguna suna kira. Mai gidan burodin ya ce in koma wajen masu sabon inji na can gaba."

"Bar ta, zan sake."

"Zan bari. Amma idan ta sake tashi, ka yafe ni. Burodi ba ya jira."

A gida ya kasa cin abinci. Ya zauna a bakin gado, ya tashi ya buɗe taga, ya rufe, ya tsawata wa rediyo. Matarsa tana ninke kaya tana binsa da ido.

"Baban yara, ƙasan ɗakin nan ba haya muka ɗauko ta ba, kada ka cinye ta da sawu."

"Hannuna ya mutu," ya ce. "Tun da na bar abin nan ban yi faci ɗaya mai kyau ba."

"Hannunka na nan, na gan shi ɗazu yana neman ashana a aljihun da babu komai."

"Wasa kike. Idan motar burodi ta tafi, me za mu ci?"

Ta ajiye rigar da ke hannunta. "Idan kai ka tafi fa? Ni na zauna a barandar asibitin nan, ba kai ba. Kai barci kake."

Ya tauna cingam har muƙamuƙinsa ya yi tsami.

Ranar komawa wajen nas, ya busa na'ura ta nuna shi fes. Ta yaba masa, shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce mata maganinta ya gyara ƙirji ya ɓata sana'a. Ba ta musa ba. Ta cire tabarau, ta ce ita ba ta taɓa ganin yadda ake faci ba, ya faɗa mata daga farko, kamar ita ce sabuwar mai koyo.

"Ba wani abu ba ne, Sista. A nemo hujin a ruwa. A tsane. A kankare wurin ya yi kaushi. A shafa sholisho. A sha kara ɗaya. A liƙa faci, a danne."

"Koma baya kaɗan. A yi me?"

"A shafa sholisho, a sha..."

Ya ji maganar da kunnensa, kamar wani ne ya faɗe ta.

Haka ubangidansa ya koya masa tun gemu bai fito ba. Sholisho ba a liƙa shi da danshi, sai ya sha iska. Shi kuma abokin gabar wuta ne, ba a kunna ashana kusa da shi. Saboda haka idan an shafa, sai a tashi a je jikin bango, a juya wa rumfa baya, a sha kara ɗaya. Kafin wuta ta kai gindi, ya yi daidai. Wajen koyon faci ya koyi taba, a rana ɗaya, a hannun mutum ɗaya. Yanzu kuwa yakan shafa, ƙafa ta kai shi bango, hannu ya shiga aljihu ya tarar da wayam, sai ya juyo a fusace ya liƙa faci a kan ɗanyen gam.

"To ai ka gano," in ji nas. "Agogonka ka jefar tare da tabar. Wayarka ba ta da agogo?"

Ya girgiza kai. "Sholisho bai san agogo ba. Ranar zafi daban, ranar hadari daban. Ita kuwa taba tare suke tafiya. Idan ana iska tana saurin ci, shi ma yana saurin bushewa."

"To ka nemo wani abin da zai tsaya maka, amma ba ita ba. Kuma ka riƙe wannan, Baba: ƙishirwar nan idan ta taso, ba ta zama. Takan hau, ta kai ƙarshe, ta sauka da kanta, ko ka sha ko ba ka sha ba. Jiran ne wuya."

Ya ce to. Amma tun kafin ya fita daga ƙofar asibiti wata dabara ta riga ta zauna masa a kai, kuma har ya isa rumfa yana jin daɗin wayonsa. Ai ba a ce sai an sha ba. Ƙonewarta ake bukata. Zai sayi kara, ya kunna, ya ajiye a kan bulo can jikin bango, ya tsaya nesa yana kallo. Idan ta cinye, ya liƙa. Taba ta yi aikinta, ƙirji ya huta, kowa ya samu.

Washegari da safe ya saya a wajen mai tebur na ƙetaren titi, ba wanda ya saba ba, don kada a yi masa tambaya. Aikin farko tayar keke ce. Ya kankare, ya shafa, ya tafi bango. Ya ƙyasta ashana ya kara a bakin tabar, sai ta yi baƙi ta ƙi kamawa. Taba ba ta kamawa sai an ja. Ya waiga dama da hagu. Wannan ai ba sha ba ne, kunnawa ce. Ya ja sau ɗaya.

Hayaƙin ya shiga kamar baƙon da ya san hanyar ɗaki.

Ya ajiye ta a kan bulo, ya ja da baya. Ta ɗan yi hayaƙi, ta yi toka a baki, ta lafa. Taba da ba a zuƙa ba tafiyar hawainiya take yi, wani lokacin ma ta kwanta. Ya ɗauka ya ja don ta farfaɗo. Ya ajiye. Ya ga kamar za ta sake mutuwa, ya riga ta. Kafin a jima ba a kan bulo take ba, tana tsakanin yatsunsa, inda ramin zamanta yake tun da can. A aiki na biyu bai ma nemi bulon ba.

Sai kansa ya fara juyawa. Miyau ya tsinke masa, zuciya ta shiga buga ƙirji kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa a buɗe masa. Ga filasta a damtse, ga hayaƙi a ciki. Ya dafa bango. Abin da ya faɗo masa a rai ba mutuwa ba ce, barandar asibiti ce, da matarsa zaune a kan benci da takalminsa a cinya.

"Yaya."

Tartsatsi ne a bayansa, gilashi a goshi. Hantsi ya yi, ƙafa ta kawo shi bango kamar kullum. Ya dubi hannun mai faci, ya dubi fuskarsa. Wannan karon bai yi zolaya ba.

"Ba sha nake ba," in ji mai faci. "Auna lokaci nake."

"Na gani. Ni ma da can ba sha nake ba, gyaran ido nake don in ga layin walda." Ya miƙa hannu. "Kawo."

"Kada ka gaya wa yayarka."

"Ni da bakina? Ai kai za ka gaya mata, warinka ma ya isa. Kawo, Yaya. Wallahi tun safe nake jin kamar in ci ƙarfe. Idan na tsaya a nan ina shaƙar wannan, bayan bangon nan zan zagaya, kuma ba ni kaɗai zan ji kunya ba."

Mai faci ya miƙa masa. Akwai sauran kara ɗaya a aljihu, ya haɗa da shi. Tartsatsi ya kai su bahon baƙin ruwa ya tsoma, suka jiƙe suka wargaje, ya watsar a kwata. Ya zaunar da shi a benci ya ba shi ruwa, ya tsaya a kansa har bugun ya lafa, yana cewa idan bai lafa ba yanzu zai rufe shago su tafi asibiti.

Suna nan sai ga motar burodi ta tsaya. Direban ya leƙo ta taga ya ce zai sauke kaya a shagunan layin baya, ya dawo ya ɗauki tayarsa.

Tayar tana jingine tun ranar da aka kawo ta, mai faci yana tsoron taɓa ta. Yanzu babu wurin gudu. Ya zare tib, ya ɓamɓare tsohon facin da ya ɗaga, ya kankare wurin har ya yi kaushi. Ya tsoma yatsa a gwangwani ya shafa sholisho, siriri, ya zagaye hujin. Sai ya miƙe.

Tartsatsi ya riƙe masa gefen riga. "Ina zuwa?"

"Bango."

"Me ka ajiye a can?"

Ya koma ya zauna, tib ɗin a kan gwiwa. Tartsatsi ya jawo tsohuwar taya ya zauna a gabansa. Ƙishirwar ta taso wa mai faci gaba ɗaya, ta fi ta kullum, don an ɗanɗana mata. Ta sauka har a yatsu. Ya jefa cingam a baki ya tauna ya tura kunci. Ƙafarsa ta dama tana rawa, ta Tartsatsi ta hagu tana rawa, har ruwan baho yana motsi.

"Liƙa mana," in ji zuciyar mai faci. Hannunsa ya kai kan faci.

"Ya yi ne?" in ji Tartsatsi.

"Ban sani ba."

"Shekara nawa kana wannan aiki, ba ka sani ba?"

"Ban taɓa gani ba. Kullum baya nake ba shi."

Ya faɗe ta ne don ya kashe maganar, amma da ta fita sai ta tsaya masa. Gaskiya ce. Ya shafa sholisho sau abin da ba ya ƙirguwa, bai taɓa zama ya ga abin da yake yi idan an bar shi ba. Ya sunkuyar da kai.

Wurin yana ƙyalli kamar an zuba mai. Motoci suna wucewa, wani yana ta danna oda a mahaɗa. Ƙuda ya zo ya zagaya ya tafi. Mai faci ya ji gumi yana bin bayansa. Ya ji kamar ya yi ihu, ko ya tashi ya zagaya rumfar da gudu. Sai ya ga gefen shafin, can inda ya fi siriri, ya dushe. Ƙyallin ya janye daga baki kamar ruwan da ƙasa ke shanyewa.

"Ka gani?" ya ce a hankali.

"Me?"

"Yana mutuwa daga gefe."

Tartsatsi ya matso da kai har suna neman yin karo. Manyan mutane biyu, ɗaya da furfura, suka zuba wa tafin roba ido kamar masu jiran jariri ya buɗe ido. Dushewar tana shiga ciki sannu sannu. Saura ɗan ƙyalli kamar ƙwayar wake a kusa da hujin. Ya tsaya nan ya yi taurin kai. Mai faci ya haɗiye miyau mai ɗaci. Sannan shi ma ya ɓace.

Ya kai bayan yatsa ya taɓa gefe. Ya ɗan kama fata ya saki, bai biyo shi ba.

Ya ɗora faci, ya danne daga tsakiya zuwa baki, ya bi shi da gindin guduma. Sai da ya ɗago zai nemi bututun iska ya lura ƙafarsa ta daina rawa. Ƙishirwar tana nan, amma ta koma can nesa, kamar motar da ta riga ta wuce.

Ya ba tib iska ya tsoma a baho. Suka jira. Ko kumfa ɗaya bai taso ba.

"Saura tawa ƙishirwar," in ji Tartsatsi, yana miƙewa. "Hantsi bai wuce ba tukuna. Ba ka da wata tayar da za mu kalla?"

"Akwai ta mai baro."

"Kawo ta. Amma ka sani, idan aka ji ni ina zaune ina kallon sholisho, cewa za a yi na bar wiwi na koma abin da ya fi ta."

Da yamma mai faci ya gaya wa matarsa tun kafin ya cire takalmi. Ta ce gobe ya je ya faɗa wa Sista da bakinsa, kada ya bari na'ura ta riga shi, ya kuma gaya mata yadda zuciyar ta yi. Ya ce dama haka ya yi niyya. Ta ce ta sani, tunatarwa ce.

Washegari ya buɗe rumfa da wuri. Ya share, ya jera ƙarafa, ya sake jera su. Duk motar da ta taho daga nesa sai ya ɗaga kai. Ya sa hannu a aljihu ya zaro. Can sai ga ta, tsohuwar motar burodi, tana tafe tana rangaji da kaya har sama. Mai faci ya miƙe tsaye.

Direban ya danna oda sau biyu, ya ɗaga hannu ta taga, bai tsaya ba. Tayar da ya ɗauka jiya tana jikin motar, facin bai tashi ba.

Mai faci ya bi ta da kallo har ta sha kwana. Sannan ya juya, don wata mata tana tsaye da keken ɗinki a kan baro, tayar baron a kwance. Ya nemo hujin, ya tsane, ya kankare, ya shafa. Ƙafarsa ta ɗaga za ta nufi bango. Ya jawo benci da ita, ya zauna.